Hannu Ɗaya Gaba, Hannu Ɗaya Baya

Basira ta ɗago kai daga tsinkar yakuwa, ta ga surukarta, Inna Halimatu, tana fitowa daga cikin hatsi da ƙwarya a ka. Ita kaɗai ce. Basira ta kalli bayanta, ta jira ganyen ya sake motsi. Bai motsa ba.

"Inna," ta ce a hankali, "yarinyar nan fa?"

"Wace yarinya? Umaima? Ai tana wajenki."

"A'a, Inna. Na ga ta bi bayanki."

Tsohuwar ta sauke ƙwaryar. Ta juya ta dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Damina ta yi nisa, hatsi ya wuce tsawon namiji, ya fid da kai. In mutum ya shiga taku kaɗan, sai a neme shi a rasa.

Umaima ɗiyar fari ce ga Basira. A gidansu da gidan mijinta duka, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma bin shi da ido a gaban manya. Tun da aka yaye yarinyar a ɗakin Inna take kwana, a kwanon Inna take ci. Shi ya sa ɗazu, da Umaima ta tashi tana bin fara zuwa cikin hatsi, Basira ta gan ta da wutsiyar ido amma ta sunkuyar da kai, ta ce a ranta ai kakarta na can. Ita kuwa kakar ta san ta bar ta zaune kusa da uwarta.

Da wata yarinya ce, da kira biyu ya isa. Umaima ba ta ji. Sanƙarau ya kama ta tana koyon magana, ya bar ta da rai ya tafi da kunnuwanta. Yanzu ta kai munzalin shiga lakwal, wato makarantar boko, amma in aka tsaya bayanta aka fasa kwano ba za ta waiwaya ba. Abu mai nauyi kaɗai ke kai mata: tsawa, da babbar ganga, da kiɗin motar ubanta.

Inna ta yi kira ɗaya, mutanen gonakin kusa suka ajiye hauya suka zo. Maza suka jeru suka shiga hatsin. Basira tana jin su suna kiran sunan da ƙarfi, sai muryar ta mutu a tsakiya in mai kiran ya tuna. Ita ma ta shiga, da goyon Nasiru a bayanta, ganye na yankar mata fuska da damatsa. Ta duba ƙasa ko za ta ga sawu, amma sawun masu nema ya riga ya tattake komai. Ta fito inda ta shiga ba tare da ta san ta yi zagaye ba. Ta juya ta dubi hatsin. In ita babba ta ruɗe a ciki, ina ga yarinya?

Gabas ta fara haɗa baƙi. Kowa ya gani, ba wanda ya faɗa. Bayan gonakin akwai kwari, kuma in aka yi ruwa a tudun gabas, kafin ɗigo ya faɗo a nan kwarin ya cika ya kawo gudu. Bara ya ɗauke wa wani Bafulatani karsana, sai a tabki aka ga ƙafafunta.

Wani ya hau moto, wato babur, ya tari Muddassir, mijin Basira, a kan hanyarsa ta dawowa daga Tasawa. Tsohuwar mota gare shi, ja, da yake ɗaukar mutane da kaya tsakanin Korgom da Tasawa. A kofur ɗinta, wato bayan motar inda ake sa kaya, akwai akwatin katako mai manyan lasifikoki biyu da ake kira wufa, kowace kamar faifai. Kusa da su an ɗaure ampili, ƙarfen nan da ke ba su ƙarfi. Mutane sun ɗauka don ƴan biki ya sa. Gidansu kaɗai aka san dalili. Kullum in ya iso bakin gari sai ya saki kiɗi, Umaima ta ji shi a ƙirjinta, ta fito da gudu ta tare shi.

Ya kawo motar ta burtali har bakin gonar, ya fito bai rufe ƙofa ba.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan azahar," in ji Inna.

Bai tambayi laifin wa ba. Ya buɗe kofur, ya juya bayan motar ya fuskanci hatsi, ya kunna kiɗin da yarinyar ta sani.

Abin da ya fito bai kai tarin tsoho ba. Ƙananan lasifikokin ƙofa suna ta ƙara siririya, amma daga kofur sai wani buf, buf, kamar ana dukan katifa a ɗaki na uku. Ya murɗa ƙarfi. Ƴar wutar da ke jikin ampili ta tashi daga kore ta koma ja, komai ya ɗauke.

Basira ta dubi akwatin. Ta san kwanakin nan kiɗin ya yi sanyi. Ta san Umaima ta daina fita tarar mota, sai dai ta gan shi ya shigo gida ta tura baki. Muddassir ya yi ta cewa ranar kasuwa zai kai wa Mamman ya duba.

"Kira shi mana," in ji Inna. "Kana tsaye kana kallon ƙarfe."

Mamman taubashin Muddassir ne, mai gyaran wutar mota a Tasawa, shi ya haɗa kayan tun farko. Amma a bakin gonar nan rezo, wato sabis na waya, ba ya kamawa. Muddassir ya ɗaga waya sama, ya yi gabas, ya yi yamma, daga ƙarshe ya taka taya ya hau rufin motar. A can ta shiga. Ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Ah, bawana," in ji Mamman yana dariya. "Yau kuma mi ka ɓata? Na ce maka ka koma amalanke, jaki ba shi da waya."

"Mamman, Umaima ta ɓace cikin hatsi. Ga hadari. Kiɗin ba shi fita."

Dariyar ta tsaya. Aka ji ya ce wa wani ya kashe injin da ke ƙara kusa da shi.

"To. Kar ka kashe mota, bar ta tana aiki. Wutar ampili, wace kala?"

"Kore. In na ƙara sai ta yi ja ya ɗauke."

"Wa ke kusa da kofur?"

Muddassir ya dubi ƙasa. Maza duk suna cikin hatsi. In ya sauko waya ta yanke.

"Basira ce."

"Amarya, kina ji na?"

Basira ba ta saba magana da Mamman ba sai gaisuwa daga bayan zana. Ta dubi Inna. Inna ta zo ta kwance mata goyon, ta karɓi Nasiru, ta ɗan tura ta da gwiwar hannu.

"Ina ji," ta ce.

"Jikin ampili akwai wani ɗan roba mai kala da aka soka, kamar haƙori. Fizibil ke nan. Ciro shi ki ɗaga a haske. Zaren ƙarfen da ke ciki ya tsinke?"

Ta ciro. Ya suɓuce mata ya faɗi cikin yashi. Ta durƙusa ta lalubo shi, ta hure, ta ɗaga. Hasken ma ya fara canzawa, ya koma ja-ja irin na gabanin ruwa.

"Bai tsinke ba."

"Maida shi. Yanzu ki nemi baƙar waya mai kauri, gajera, wadda ta fito daga ampili ta tahi jikin motar kanta. Ita ce mas. Bi ta da hannu har inda aka ɗaure ta."

Ta bi wayar. Ta shige ƙarƙashin tabarmar roba da aka shimfiɗa a kofur. Da ta ɗaga tabarmar, wani wari ya bugo ta. Inda aka ɗaure wayar da noti ya yi fari-fari da kore, kamar kanwa ta fito a bango, ƙarfen kewaye kuwa ya yi ja da tsatsa. A lungun akwai ƴan ƙwayoyi farare da suka narke suka manne.

Ta faɗa yadda ta gani.

"Taki," in ji Muddassir daga sama, muryarsa a ƙasa. "Farkon damina na ɗauko takin zamani, buhu ɗaya ya fashe."

"Shi ya ci ƙarfen. Wuta na shiga ba ta samun hanyar fita, shi ya sa in ka matsa mashi shina suma. Sauko ka kwance notin da sifana mai lamba goma, kile dis. Ku kankare sai ƙarfe ya yi fari tas, da bakin wayar da jikin motar. Kar ku bar ko ɗigo."

Muddassir ya bar wayar a kan rufi ya diro. Notin ya ƙi. Ya danna da duk ƙarfinsa, kile ya zame, fatar yatsansa ta tafi. Bai ko duba ba. Ya sake kamawa. Daga can gabas aka yi wata doguwar tsawa mai gunji, wadda ake ji a tafin ƙafa kafin kunne.

Basira ta runtse ido. Ta san abin da Umaima ke yi in ta ji tsawa. Takan kwanta rub da ciki, ta cusa fuska a ƙasa, ta rufe kai da hannu, ba ta motsi. Yarinyar da ke kwance haka a gindin hatsi, mutum zai wuce ta kusa da kusa bai gan ta ba. In kuma gangare ta bi, to kwance take a hanyar ruwa.

Notin ya saki. Inna ta miƙo ƴar wuƙar da take yankan ganye da ita. Muddassir ya kankare jikin motar, Basira ta ɗibi yashi ta murza bakin wayar a tafin hannunta har ya fara sheƙi. Suka ɗaure. Ya koma gaba ya kunna, ya ƙara ƙarfi a hankali.

Wutar ta tsaya a kore. Ba ta yi ja ba.

Wufa biyun suka kama rawa, suna shiga suna fita har ido na gani. Amma ƙarar ba ta zo ba. Ta fi ta ɗazu, amma fanko ce, ba nauyi. Muddassir ya taka zuwa bakin hatsi ya tsaya ya saurara, ya dawo fuskarsa ta faɗa.

"Ko nan da can ba ta kai ba."

Ya hau rufi ya faɗa wa Mamman.

"Suna motsi da ƙarfi?"

"Kamar za su fito."

"Amma ba bugu. To duba akwatin, ko ya tsage. In iska na zurarewa..."

Basira ta shafa akwatin ko'ina. Lafiya lau yake.

"Akwai ƴan maɓallai a gefen ampili. Wani ya taɓa su?"

"Ba wanda ya taɓa. In murɗa su duka?"

"Kar ka kuskura. Ka ƙona shi, shi ke nan ba mu da komai. Bari in yi tunani. Wanga abu..."

Muryar ta yanke. Iska ta taso, ta kwantar da kan hatsi gaba ɗaya ya tashi. Muddassir ya kira, bai shiga ba. Ya sake kira. Ya ɗaga wayar sama da hannu biyu kamar mai roƙon ruwa.

Wani daga cikin masu nema ya fito daga hatsin, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ce sun kai har bakin kwari ba su ga komai ba, sai takalmi ɗaya. Ya miƙo. Ɗan silifa ne shuɗi, an ɗinke maɗaurinsa da zare baƙi. Basira ce ta ɗinke shi da hannunta, ta ajiye a ƙofar ɗakin Inna ba ta ce ita ta yi ba.

Inna ta karɓa, ta ce, "Innalillahi." Mutumin ya koma.

Basira ba ta yi kuka ba. A gaban suruka ba a yi wa ɗan fari kuka. Sai ta jingina da motar, ta kifa tafukan hannunta biyu a kan wufa biyun. Suna ta bugawa a ƙarƙashin hannunta. Ta tsaya haka, ba ta tunanin komai sai takalmin.

Can ta ji wani abu. Hannun dama ana tura shi, hannun hagu kuwa kamar ana janye masa. In bugu ya zo, ɗaya ya taso ɗaya ya nutse.

Sai ta tuna. Kwanakin baya Muddassir na wankin mota a ƙofar gida da kiɗi a kunne, ita tana leƙe ta hudar zana. Umaima ta hau kofur yadda ta saba, ta ɗora hannu biyu a nan inda nata suke yanzu. Ta ɓata fuska. Ta sauko ta ja rigar ubanta, ta nuna masa: hannu ɗaya gaba, hannu ɗaya baya, ta sake, hannu ɗaya gaba, hannu ɗaya baya. Shi ya ɗauka sabuwar rawa ce, ya kwaikwaye ta yana dariya. Yarinyar ta buga ƙafa ta shige gida.

"Malam," ta ce wa mijinta. Bai ji ba. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta taɓa yi a gaban Inna. "Malam. Ba tare suke tafiya ba. Ɗaya na fita ɗaya na shiga. Abin da yarinyar nan ta nuna maka ke nan ran da kake wankin mota."

Ya dube ta daga sama. Ta ɗaga hannuwanta ta yi masa yadda Umaima ta yi. Ta ga lokacin da ya tuna a fuskarsa.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Mamman ne ya samu shiga. Muddassir ya faɗa masa cikin sauri.

"Wa ya taɓa wayoyin bayan akwatin?"

"Ni. Ragon sunan gidan Alhassan da na ɗauko, shi ya tauna na ɗaya. Na murɗa na haɗa."

"Ka duba wace ke zuwa ina?"

"Duk farare ne."

"Rago ya fi ka hankali, shi ya san wadda ya ci. Ka juya su. Iskar da wannan ta turo, waccan ke haɗiyewa, shi ya sa suna wahala ba a jin komai. Kashe kiɗin. Wadda ka gyara, ita kaɗai, ka musanya wayoyinta biyu. Ita kaɗai, ka ji? In ka juya duka ka koma inda kake."

Muddassir ya diro. Suka ja akwatin gaba tare. Ga inda ya naɗe da baƙin salatif. Hannunsa mai jini ya kasa kama bakin, Basira ta sa haƙori ta ɓare. Ya warware, ya musanya, ya murɗa. Ɗigon farko ya faɗo a kan rufin motar, babba, shi kaɗai.

Ya kunna.

Bugun farko ya daki Basira a ƙirji har ta ja baya. Lambar motar ta kama karkarwa. Ƙwayoyin takin da suka rage a lungu suka yi tsalle. Nasiru ya farka a hannun Inna ya fasa kuka, tsuntsaye suka tashi daga kan hatsi. Wutar ampili tana nan kore.

"Na ji shi daga nan," in ji Mamman ta wayar da ke kan rufi. "Allah shi bayyana ta. Kar ka ƙure shi."

Muddassir ya ɗauko wayar ya faɗa mazauninsa. "Ku shiga. Mu bi burtali mu zagaya ta bakin kwari."

"A'a," in ji Basira.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje.

"Ba ta sanin ta ina yake zuwa. Ji kawai take yi. In ka kunna a bakin gari, takan yi taku kaɗan ta tsaya, ta dafa ƙirji. In ya ragu ta juya, in ya ƙaru ta ci gaba. Haka take yi har ta same ka. In motar na yawo za ta ruɗe. A bar ta wuri ɗaya."

Inna ta dube ta, duban da ya daɗe. Basira ta sunkuyar da kai. Ta san abin da ta fallasa: wanda ya san wannan, ya daɗe yana kallo.

"Ka ji abin da ta ce," in ji Inna. "Bar motar nan."

Suka tsaya. Kiɗin na dukan gonar, dum, dum, dum, ba fashi. Ruwa ya fara sauka tsinke-tsinke. Aka sake tsawa, ta fi ta farko kusa, Basira ta ji kamar a bayanta aka yi. Tana roƙo a ranta yarinyar ta bambance. Tsawa takan zo ta wuce. Wannan kuwa yana dawowa, yana dawowa, a kan ƙa'ida ɗaya. Ta sani, ai ta sani. Sai dai in ta yi nisa. Sai dai in ta riga ta gangara.

Masu nema suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, don ruwan ya fara ƙarfi kuma cikin hatsin ya yi duhu. Kowa ya fito sai ya kalli ƙasa. Wani dattijo ya ce ya ji motsin ruwa ta wajen kwari. Wani ya ce masa ya yi shiru.

Basira tana kallon hatsin har idonta ya fara yi mata gizo. Ko'ina motsi yake, iska ce. Ta tuna wani abu kuma. In Umaima na bin kiɗi ba shiru take yi ba. Takan amsa shi da wata murya daga maƙogwaro, um, um, ita ba ta san tana yi ba.

"Malam, kashe kaɗan."

"In kashe?"

"Kaɗan. Kowa ya yi shiru."

Ya kashe. Kunnuwa suka yi ɗif. Sai ruwa a kan ganye, da shessheƙar Nasiru. Ba komai.

"Kunna."

Ya kunna. Suka jira. Ruwa na bin fuskarta tana barinsa. Ta ɗaga hannu, ya sake kashewa.

Ba komai. Sai can, ta hannun hagu, ba ta wajen da aka tsinci takalmin ba, wani abu ƙasa-ƙasa. Um. Um. Ya ci gaba kaɗan a kan ƙa'idar kiɗin da aka kashe, sannan ya tsaya, kamar mai tambaya.

"Kunna, kar ka sake kashewa," ta ce, ta riga ta shiga hatsin.

Ba ta ji yankan ganye ba. Zaninta ya kama kara ta fizge. Ƙasa ta yi santsi, ta faɗi ta tashi. Bugun na bin bayanta, tana jin shi a haƙarƙari. Ta tsaya ta saurara, ta karkata hagu, ta kuma tsayawa.

Ga ta nan tsaye tsakanin gindin hatsi biyu, ƙafa ɗaya ba takalmi. Gabanta duk laka ne, tun daga goshi har gwiwa, alamar ta daɗe kwance rub da ciki. Hannu ɗaya na dafe da ƙirji, idonta a rufe. Ɗayan hannun ya damƙe bakin rigarta, inda ta ƙulle farar da ta kama. Ta yi taku biyu ta tsaya. Um, um. Bayanta kaɗan ƙasa ta fara gangara, ruwa ja na bi ta tsakanin karare yana neman kwari.

Basira ta durƙusa a gabanta don kada ta firgita ta. Ta taɓa mata kafaɗa. Yarinyar ta buɗe ido, ta dube ta, ta duba bayanta tana neman Inna, don ba ta saba uwarta ce ke zuwa ba. Sai bakinta ya karkace. Basira ta ɗauke ta, ta manna ta a jiki. Jikin sanyi ƙalau, yana rawa. Ta kifa bakinta a tsakiyar kan yarinyar, inda ƙashi ke ɗaukar murya, ta faɗi sunan. Ta sake faɗa. Bai saba da bakinta ba, ya fito mata wani iri.

Da ta juyo, Inna na tsaye a bayanta, ta biyo ta da tsufanta, ɗankwalinta ya tafi. Ko ta ji, ko ba ta ji ba, fuskarta ba ta nuna ba. Basira ta miƙa mata yarinyar yadda aka saba. Inna ta kai hannu, sai ta fasa.

"Riƙe ta. Ni ƙafata ba ta da ƙarfi a laka."

Suka fito. Maza suka yi hamdala, wasu suka juya suka nufi gari da gudu saboda ruwan. Muddassir ya zauna a ƙasa a gefen taya, cikin laka, ya rufe fuska da hannun nan mai jini. Dattijon nan, wanda Inna ta bar wa Nasiru yana riƙe da shi a ƙarƙashin rigarsa, ya ce masa ya tashi, kayan wutarsa na jiƙewa.

Umaima ta zame daga hannun uwarta ta je kofur. Ta ɗora tafukanta biyu a kan wufa biyun, ta karkata kai. Ta daɗe haka, ruwa na zuba a bayanta. Sannan ta juyo wajen ubanta, ta tura hannu biyu gaba tare, ta dawo da su tare. Ta nuna shi da yatsa, ta ƙwanƙwasa kanta, ta girgiza kai.

"Mi ta ce?" in ji dattijon.

"Ta ce ba ni da kai," in ji Muddassir. Ya tashi ya rage kiɗin, ya rufe kofur.

Suka cusu cikin motar. Inna ta zauna gaba da Nasiru, ta ciro silifan shuɗin daga ƙugunta ta miƙa baya ba ta waiwaya ba. Basira ta karɓa ta sa wa yarinyar. Daga nesa, ta wajen kwari, ana jin ruwan ya iso.